Yadda ake kashe giyar taya huɗu don rage shan mai, da motocin da bai kamata a taɓa ba

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin mai mota ya canza a Birnin Kebbi kamar yadda ya canza a sauran sassan ƙasar nan. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta zarce naira 1,000. Masu jif da masu Hilux sun fi kowa jin abin a jikinsu, shi ya sa shawarar da aka fi ba su a gareji ita ce su kashe giyar taya huɗu, wadda direbobi ke kira ogzilari, ko kuma su cire farfela, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga aksul, gaba ɗaya su huta. Shawarar tana da gaskiya a wasu motoci, a wasu ribarta ba ta taka kara ta karya ba, a wasu kuma tana iya kai mutum ga sayen giyabos. Saboda haka aikin farko shi ne ka san wace irin mota ce a hannunka, tun kafin a ɗauko sifana.

Ka fara leƙa ƙarƙashin motar

Ka ajiye motar a wuri mai tauri wanda ba gangara ba, ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka tokare taya da dutse, sannan ka leƙa. Abin da kake nema shi ne farfela, wato dogon ƙarfen nan mai kama da bututu da ke ɗaukar ƙarfin inji daga giyabos zuwa aksul. A ƙananan jif irin su Highlander da RAV4 da CR-V, idan ba ka ga farfela ta nufi baya ba, kuma babu ƙullin aksul a tsakanin tayoyin baya, to motarka da tayoyin gaba kaɗai take ja tun daga kamfani, babu abin da za a kashe. Da yawa daga cikin 'yan Kwatano da ake kawo mana daga Amurka haka suke, masu su kuwa suna yawo da tunanin cewa taya huɗu ce ke shanye musu mai. Idan ka ga aksul ɗin baya yana nan amma babu farfela, mai yiwuwa wani ya riga ka cirewa kafin motar ta zo hannunka.

Daga nan sai ka shiga ciki ka duba gefen sandar giya da allon gaban direba. Idan akwai ƙaramar sanda ta biyu ko abin murɗawa da aka rubuta wa 2H da 4H da 4L, wato jan taya biyu, da jan taya huɗu, da jan taya huɗu a ƙaramar giya mai ƙarfi, wasu kamfanonin kuma H2 da H4 da L4 suke rubutawa, to masu ƙera motar sun ba ka damar zaɓi da hannunka. A wannan rukuni Hilux take, da L200, da Navara, da Ranger, da Land Cruiser 70 mai buɗaɗɗen baya. Idan H da L kawai ka gani ba tare da lamba 2 ba, kamar yadda yake a yawancin Prado da Land Cruiser 100 da 200 da Lexus GX470, motar tana ja da taya huɗu a kowane lokaci. Idan kuma babu sanda ko kaɗan, sai tambarin AWD ko 4WD a ƙofar baya, mai yiwuwa motar ita ke haɗa tayoyin baya da kanta sa'ad da ta ji santsi, ko da yake akwai tarko a nan, kuma za mu zo kansa.

Motar da ke da 2H

A nan ne ribar take, kuma ko kwabo ba za ka kashe ba. A irin wannan mota, idan aka saka 4H, akwatin raba ƙarfi da makanikai ke kira taransfa yana ɗaure farfelar gaba da ta baya su riƙa juyawa da gudu ɗaya. A cikin taɓon fadamar Argungu ko yashin hanyoyin ƙauyukan Arewa da Dandi wannan alheri ne, domin taya tana samun damar ɗan zamewa. A kan kwalta kuwa matsala ce, saboda duk lokacin da aka sha kwana tayoyin gaba suna bin zagaye mafi faɗi fiye da na baya, tun da kuma an ɗaure su wuri ɗaya, sai ƙarafan su ɗauki murɗa, tayoyi su riƙa gurzar titi, sitiyari ya yi nauyi, inji ya ƙara shan mai don ya rinjayi wannan turjiya. Direban da ya fito daga gonar shinkafa ya hau titin Jega zuwa Koko da Yauri bai mayar da giyarsa ba, yana ƙona mai yana kuma cinye taya a lokaci guda.

Mayarwa daga 4H zuwa 2H abu ne mai sauƙi. Ka miƙe sitiyari, ka rage gudu, ka ɗan ɗaga ƙafa daga totur, sannan ka tura sandar ko ka murɗa maɓallin zuwa 2H. Yawancin motocin nan suna yarda a yi haka ana cikin tafiya, amma iyakar gudun da aka yarda da shi ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma yana rubuce a littafin motar, wani lokaci har a jikin abin tare ranar da ke saman gilashin gaban direba. Fita daga 4L kuwa dole sai an tsaya cak. Mai giyar hannu ya taka kulochi har ƙasa, mai otomatik ya mayar da giya N, sannan a matsar zuwa 4H, daga nan zuwa 2H. Kada ka tilasta sandar idan ta cije. Cijewar alama ce ta murɗar da ƙarafan suka ɗauka a kan ƙasa mai tauri, maganinta kuma shi ne ka yi ribas na 'yan mitoci a miƙe, ka sake gwadawa.

Matsar da sanda ba ya nufin aikin ya kammala. Ka dubi fitilar taya huɗu a allon gabanka. Idan ta mutu, an rabu. Idan tana ƙyaftawa, motar tana ƙoƙarin rabuwa amma ba ta samu ba tukuna, sai ka ɗan taka totur ka saki, ko ka tsaya ka yi ribas kaɗan. Idan ta ci gaba da ƙyaftawa kwana da kwanaki, ƙaramar na'urar da ke tura giyar ce ta sami matsala, sau da yawa saboda ruwa da laka da suka shige ta a damina, ko wani siririn tiyon iska da ya tsage a motocin da ke aiki da shi. Wannan gyara ya cancanci a kashe masa kuɗi, domin motar da ta maƙale a 4H tana cin mai a kullum ba tare da mai ita ya sani ba.

Akwai mataki na biyu da mutane da yawa ke mantawa da shi. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser 70 da wasu ire-irensu suna da makulli a cibiyar kowace tayar gaba, an rubuta masa FREE da LOCK. Idan giya tana 2H amma makullan suna LOCK, inji ba ya tura tayoyin gaba, amma su tayoyin suna jan aksul da farfelar gaba suna juya su a banza duk tsawon tafiyar. Sai ka sauka ka murɗa duka biyun zuwa FREE, kada ka murɗa ɗaya ka bar ɗaya. Motocin da makullinsu ke buɗe kansa sukan buƙaci a yi ribas na 'yan mitoci bayan an koma 2H kafin ya saki, sababbin Hilux kuwa suna da na'urar da ke raba aksul ɗin gaba da kanta, babu abin murɗawa a waje. Idan kana son ka tabbatar, ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka tokare taya, ka miƙa hannu ka juya farfelar gaba. In ta juya ba gardama, gaba ya rabu da inji da tayoyi. In ta ƙi, wani abu yana nan a haɗe.

Sharaɗi ɗaya nake so a riƙe. Kada a bar makullan a FREE tun daga kaka har faɗuwar damina ba a taɓa su ba. Toyota da kanta ta ba da shawarar a riƙa kulle su ana yin tafiyar kimanin kilomita 16 a kowane wata, domin mai ya zagaya haƙoran giyar gaba da borisai. Haka ma yana da kyau lokaci-lokaci a saka 4H a kan hanyar ƙasa na ɗan taƙaitaccen nisa. Abin da aka daɗe ba a motsa ba shi ke ƙin tashi ranar da ake nemansa, ranar kuwa galibi a watan Agusta take zuwa, mota ta kafe da lodin taki, ga hadari ya haɗo.

Pajero mai tsarin Super Select da X-Trail mai maɓallin 2WD da AUTO da LOCK su ma suna cikin masu sauƙi, murɗawa kawai ake yi zuwa 2H ko 2WD idan an hau busasshen titi.

Motar da ke haɗa baya da kanta

CR-V mai tsarin Real Time, da RAV4 daga ƙirar 2006 zuwa sama, da Pilot, da yawancin Santa Fe da Tucson, a tafiyar yau da kullum kusan duk ƙarfinsu a tayoyin gaba yake. Akwai kulochi a kusa da aksul ɗin baya ko a cikinsa, wanda ke kamawa idan gaba ya fara zamewa, ko lokacin tashi daga tsaye a wasu daga cikinsu. Ma'ana, abin da kake son ka kashe ya riga ya kashe kansa a mafi yawan tafiyarka. Abin da ya rage maka shi ne ka tabbatar maɓallin LOCK ba a danne yake ba. A RAV4 ma, ko an danna shi, yana sakin kansa da zarar gudu ya wuce kimanin kilomita 40 a awa.

To me cire farfela zai ƙara? Kaɗan ƙwarai. Bambancin shan mai tsakanin mota mai jan gaba da 'yar'uwarta mai taya huɗu, ƙira ɗaya inji ɗaya, sau da yawa bai kai lita 1 a kilomita 100 ba, kuma kaso mai yawa na wannan bambanci daga nauyin ƙarafan da aka ƙara yake fitowa. Idan ka cire farfela, aksul ɗin baya yana nan da nauyinsa, ƙarafan da suka haɗa shi da tayoyi suna nan suna juyawa, taransfa ma tana nan tana juyawa a jikin giyabos. Bututu ɗaya ka sauke ka bar sauran kayan. Bari mu yi lissafi na misali: a ce ka ci sa'a ka rage rabin lita a kowane kilomita 100, kana kuma yin kilomita 1,500 a wata, abin da ka tsira da shi lita 7 da rabi ne. Ka ɗora wannan a kan sikeli, a ɗaya gefen ka ɗora ranar da za ka nemi matasa su turo ka daga laka a hanyar Bunza, da kuma faɗuwar darajar motar ranar da dillali zai leƙa ƙarƙashinta.

A ganina hujja ɗaya ce mai ƙarfi ta cire farfela a irin waɗannan motoci, ita ce idan farfelar ta lalace tana girgiza mota ko tana ƙara, kuma babu kuɗin sabuwa a hannu. Tsohuwar CR-V tana tafiya da jan gaba bayan an cire. Idan za a yi, a sa alama da fenti a inda kowane baki ya haɗu kafin a kwance, domin a mayar da ita yadda take, a tattara notuna a leda a ɗaure a jikinta, a ajiye ta a ɗaki inda ruwa ba zai taɓa ta ba, kada a bar ta a gareji ta bi 'yan gwangwan. Kafin a kwance ko noti ɗaya a tabbatar cewa bakin farfelar ɗaure yake da notuna, domin a wasu motoci zura shi aka yi cikin taransfa, ana zare shi man giya zai biyo baya. Sau da yawa ma ƙarar da ake ɗora wa farfelar CR-V lokacin shan kwana daga man aksul ɗin baya take, wanda ya tsufa ko aka zuba masa man giya na gama-gari alhali Honda ta ware masa nasa na musamman.

Game da zare fiyus ko cire soket, ina ba da shawarar a yi nesa da shi. Kwamfutar da ke kula da taya huɗu tana karɓar bayani daga na'urorin birkin ABS, wasu fiyus ɗin kuma abu fiye da ɗaya suke ciyarwa, ta yadda mai wayarin zai iya kashe maka tsarin hana zamewa yana zaton ogzilari ya kashe. Fitilun gargaɗi za su kunnu su zauna, daga nan kuma ba za ka ƙara gane ranar da wata matsala ta gaske ta taso ba. Wasu tsofaffin Subaru masu otomatik ne kaɗai na ga an tanadar musu gurbin fiyus mai rubutun FWD, shi ma saka fiyus ake yi a ciki, kuma an yi shi ne don ɗan lokacin da aka ɗaura ƙaramar safaya.

Motar da ba a taɓawa

Prado da manyan Land Cruiser da Lexus GX da LX suna da abin raba juyi a tsakiya, irin wanda ke cikin aksul, wanda ke ba gaba da baya damar juyawa da gudu daban-daban, shi ya sa suke tafiya da taya huɗu a kan kwalta ba tare da cijewa ba. Ɗabi'ar wannan abu ita ce yana tura juyi zuwa inda babu turjiya. Idan aka cire farfela ɗaya, ƙarfin zai tsere ta bakin da aka bari a sake, motar ta ƙi tafiya, sai an kulle tsakiyar. Tafiya da tsakiya a kulle dabara ce ta kai mota gida idan farfela ta karye a daji, amma mayar da ita al'ada yana ɗora wa aksul ɗaya nauyin da aka tsara biyu su raba, kuma a yawancinsu kulle tsakiya yana kashe tsarin daidaita mota a kwana. A ƙasashe irin su Ostareliya ana sayar da kayan da ke mayar da Land Cruiser 80 mai zaɓin taya biyu, a sauya kayan cikin taransfa a ɗaura makullai a tayoyin gaba, sai dai kuɗin kayan da na aiki zai ɗauki shekaru kafin man da aka rage ya biya shi.

Tarkon da na ambata a baya yana nan. Highlander ta 2001 zuwa 2007 mai AWD, da Lexus RX300 da RX330, da Sienna ta wancan zamani, da RAV4 ta kafin 2006, a ido sun yi kama da CR-V, babu sanda babu komai, amma a ciki suna da wancan abin raba juyi na tsakiya. A wasunsu akwai wani kulochi mai aiki da ruwa mai kauri da ke taimaka masa, shi ne zai sa motar ta motsa bayan an cire farfela, har mai ita ya ɗauka aiki ya yi kyau. Na taɓa ganin haka da idona a motar wani maƙwabcina, wanda wani makanike ya cire wa farfelar RX300 da alkawarin rage shan mai. Motar ta yi 'yan kwanaki tana tafiya da nauyi, inji yana kuka fiye da gudun da take yi, daga baya ta tsaya a hanyar Kalgo, ruwan kulochin ya dafu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai irin waɗannan motoci abin da zai yi wa taya huɗunsa shi ne ya tabbatar tayoyin nan huɗu girmansu ɗaya, cinyewarsu ta yi kusa da juna, iskarsu daidai, domin taya ɗaya da ta fi sauran ƙanƙanta tana sa kayan tsakiya aiki ba hutu, wannan kuwa zafi ne da asarar mai.

Auna kafin ka yarda

Kowane canji ka yi, kada ka dogara da allurar tanki, domin ba ta sauka da sauri ɗaya daga sama har ƙasa. Ka cika tanki a gidan man da ka amince da famfonsa har ya yanke da kansa, ka mayar da ƙaramin ma'aunin kilomita zuwa sifiri, ka yi tafiyarka, ka dawo famfon nan ka sake cikawa har ya yanke. Litar da ta shiga karo na biyu ita ce abin da ka ƙona. Ka raba ta da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu da dawowa kusan kilomita 300 ne, idan misali lita 36 ta shiga, motarka tana shan lita 12 a kilomita 100. Ka yi wannan awo sau biyu ko uku kafin canji, ka maimaita bayan canji, a hanya ɗaya da lodi iri ɗaya da gudu iri ɗaya, domin iskar hunturu da ke bugun gaban mota, ko kunna na'urar sanyaya a zafin Afrilu, ko buhunan albasar Aliero a baya, kowannensu zai iya rufe ɗan bambancin da kake nema.

Idan awon ya nuna motar tana shan mai fiye da kima alhali tana 2H, makullai suna FREE, fitila ta mutu, to laifin ba na taya huɗu ba ne. Ka je wurin mai faci da safe kafin tayoyi su ɗauki zafi, a sa iska daidai da abin da aka rubuta a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Bayan tafiya mai ɗan nisa ka kusantar da hannu ga kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi birkinta yana kamawa. Ka tambayi makanikenka ko an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ta yaɗu a garejojinmu da sunan maganin zafi, alhali injin da bai kai zafin aikinsa ba kwamfuta tana ci gaba da ƙara masa mai kamar yanzu aka tayar da shi. Ka sauke keriyar saman mota da manyan tayoyin laka idan rani ya shigo, sannan a doguwar hanya ka gwada tsayawa a kan gudun 90 maimakon 120, ka sake cika tanki a famfon nan, ka rubuta abin da ya shiga kusa da lissafin farko.